Darasi Na 17: Bututun Yadi, Da Hukuncin Iska A Cikin Kafofin Saƙa

A darasin da ya gabata mun yi bayanin fanka da yadda take tura iska, muka kuma nuna cewa ɗakin da jama'a ke taruwa a cikinsa, ko masallaci ne, ko shagon ɗinki, ko ajin karatu irin wannan namu, ba ya wadatuwa da a yi ta juya tsohuwar iskar da ke ciki, sai lalle an shigo da sabuwa daga waje, an kori wadda aka riga aka shaƙa. To, saura mas'ala ta biyu, wadda ta fi ta fari wuya, watau mas'alar rabo. Idan fanka guda ce babba aka kafa a ƙarshen zaure mai tsawon mita 20, ta ƙaƙa za a yi na sahun gaba da na sahun baya kowa ya sami rabonsa bisa adalci, ba tare da iska ta tuɓe hular na kusa ba, alhali na nesa yana sharkaf da gumi? Amsar da masu gini suka saba bayarwa ita ce a ja bututu daga bakin fanka ya ratsa tsawon zauren ta ƙarƙashin rufi, iska ta bi cikinsa tana fita kaɗan-kaɗan a kan hanya.

Bututun da aka fi sani shi ne na kwano, irin wanda maƙeran Suame Magazine da ke nan Kumasi za su lanƙwasa maka daga fallen ƙarfe, su huda masa tagogi nan da can. Yana da ƙarko, ba a musu, amma yana da nauyi, ɗora shi sai da tsani da mutane da yawa, yana tsatsa a ƙasa mai laima irin tamu, cikinsa kuwa, daga ranar da aka ɗaure shi, ba mai sake ganinsa balle ya share. Akwai wani iri na biyu, shi ne maudu'in darasinmu na yau, watau bututun yadi. Doguwar jaka ce da aka ɗinka da yadi, bakinta ɗaya a ɗaure da fanka, ɗayan a rufe ruf, an rataye ta a jikin waya da 'yan ƙugiyoyi. In fanka tana kashe sai ka gan ta a yanƙwane tana lilo. Da an kunna sai ta kumbura ta miƙe sambal, iskar da ta cika ta kuwa ba ta da wata mafita sai ta jikin yadin nan kansa, ko ta hujin da aka yi masa da gangan.

Asalin wannan dabara daga ƙasar Denmak ne, a farkon shekarun 1970, kuma a mayanka aka fara ta. Ɗakunan da ake sarar nama a Turai ana riƙe sanyinsu kada ya haura digiri 12, don kada nama ya ɓaci, ma'aikata kuwa suna tsaye wuri guda tun safe har la'asar, iska mai sanyi tana fitowa da ƙarfi daga tagogin bututun kwano tana dukan wuyansu da kafaɗunsu, har ciwon gaɓoɓi da mura suka zama abokan sana'a. Ban da wannan, bututun yakan yi gumi ya ɗiga a kan nama, cikinsa kuma ya zama maɓoyar ƙazanta. Da aka maye shi da na yadi sai illolin nan uku suka sami magani a lokaci guda: iska ta daina duka ta koma tsatsafowa a hankali ta ko'ina, ɗigar ruwa ta tsaya, bututun kuma ya zama abin da za a zuge zif a sauke a wanke. Kamfanonin FabricAir da KE Fibertec na Denmak tun wancan zamani suke wannan aiki, daga baya DuctSox ya taso a Amurka, Prihoda kuma a ƙasar Cek, yau ga shi ana rataye irin wannan bututu a masana'antun abinci da manyan kantuna da zaurukan wasanni. Mahautanmu da ke aiki a mayankar Kaase ba sa bukatar a yi musu dogon sharhi a kan fa'idar abin da ake iya wankewa.

Wani zai ce, mene ne haɗin mutumin Zango da wannan ilmi? Haɗinsa kuwa tsoho ne, domin tufa tana cikin manyan kayan da kakanninmu fatake suka riƙa ɗaukowa daga Kano zuwa Salaga suna musanyawa da goro, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896 kuma da yawansu suka gangaro nan suka zauna da sana'arsu. Har yau ba ka tafiya mai nisa a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ba ka ji ƙarar keken ɗinki ba. Duk uwar da ta taɓa sayen yadi a kasuwar Kejetia ta san a ɗaga shi sama a dubi haske ta cikinsa, ko a kara shi a baki a hura, don a san ko zai sha iska ko zai dafa mai shi. Ilmin yana hannunku tun da daɗewa. Abin da darasin nan zai ƙara muku shi ne mizani da lissafi, domin ido da baki suna isa wajen zaɓen riga, amma ba sa isa wajen bututu mai tsawon mita 12.

Kafa daban, ratsawa daban

Kowane yadi saƙaƙƙe zare biyu ne suka haɗu, na tsaye da na kwance, wannan ya hau wancan ya nutse, kuma komai ƙwarewar masaƙi ko ingancin injinsa sai an sami 'yar kafa a tsakanin kowane zare huɗu da suka yi maƙwabtaka. Idan aka ɗauki fallen yadi aka ƙiyasta kaso nawa ne na faɗinsa zare ya rufe, kaso nawa ne kuma fili, wannan fili shi muke kira yawan kafa. Amma abin da mai bututu yake nema a haƙiƙa wani abu ne dabam, shi ne miƙdarin iskar da za ta ratsa murabba'in mita ɗaya na yadin a cikin sa'a ɗaya idan an matsa ta da ƙarfi sananne, wannan kuwa shi za mu riƙa kira adadin ratsawa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa abu biyun nan ɗaya ne, kuskure ne kuwa mai tsada, ga dalili.

Wani likita Bafaranshe mai suna Poiseuille, wanda ya yi bincike a shekarun 1840 a kan yadda jini ke gudana a cikin ƙananan jijiyoyi, ya tabbatar da cewa abin da ke bi ta siririyar hanya ba ya raguwa daidai da ragin faɗinta, yana raguwa ne fiye da haka nesa ba kusa ba, har idan aka raba faɗin hanyar biyu, abin da zai wuce ba rabi ba ne, ba rubu'i ba ne, kashi ɗaya ne cikin 16, saboda gogayya da bangon hanyar ita ce ke cinye ƙarfinsa. Yanzu ku ƙaddara yadi biyu waɗanda yawan kafarsu daidai yake, sai dai na farko kafofinsa manya ne 'yan kaɗan, na biyu kuma kowace kafa rabin faɗin ta farko ce, amma yawansu ya ninka huɗu. In ka ɗaga su ga rana hasken da za su bari ya wuce kusan ɗaya ne. In ka tura musu iska kuwa, na biyu zai ba da huɗu cikin 16 na abin da na farko ya bayar, watau rubu'i kaɗai. Saboda haka ba a hukunta yadin bututu da ido.

Abubuwan da ke ƙara kafa ko rage ta suna da yawa, kuma teloli sun san akasarinsu ko da ba su taɓa jera su ba. Zare mai murɗi sosai yana tsayawa siriri ya bar fili a gefensa, zare mai laushi da gashi-gashi kuwa yakan baje ya toshe. Yawan zare a kowane santimita, da kaurin yadin, da salon saƙar, duk suna da hukunci. Amma abin da ya fi ba da mamaki shi ne aikin da ake yi wa yadi bayan an sauke shi daga masaƙa. Batakarin da ake saƙawa da hannu a arewacin Gana yana da nauyi a kafaɗa, duk da haka iska tana ratsa shi, alhali shadda sabuwa mai sitaci da sheƙi, wadda ba ta kai shi nauyi ba, takan riƙe zafi, domin an danne zarenta har ya baje, sitaci kuma ya cike abin da ya rage. Mabugan Kano da ke dukan baƙin rini a kan gungume har ya yi walƙiya suna rufe kafofinsa ne da kowane bugu. Masana'antun yadin bututu su ma haka suke yi, sai dai da mulmulallun ƙarafa masu zafi da yadin ke bi ta tsakaninsu, suna ƙara dannawa ko sassautawa har adadin ratsawa ya tsaya inda suke so, sa'an nan su rubuta shi a takardar kayan.

Iyaka biyu ke nan da ya kamata ku riƙe a zuci. Gidan sauro, wanda yake da huji wajen 25 a kowane murabba'in santimita, ba zai taɓa kumbura ba komai girman fankar. Tamfol kuwa zai kumbura tam amma ba zai ba ɗaki ko numfashi ɗaya ba. Yadin bututu yana tsakani.

Matsi, da yadda ake auna shi da tiyo

Iska ba ta ratsa yadi don ra'ayin kanta, sai matsin da ke cikin bututu ya fi na ɗaki. Wani injiniya Bafaranshe, Henry Darcy, da yake aikin ruwan sha na garin Dijon, ya wallafa a 1856 sakamakon gwajin da ya yi na tura ruwa ta cikin yashi, inda ya nuna cewa abin da ke tsatsafowa ta ƙananan kafofi yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsi: a ninka matsi, abin da ke fita ya ninka. Wannan ƙa'ida tana aiki a kan iska da yadi, gwargwado, muddin iskar tana fita a hankali. Ma'aunin matsi sunansa faskal, masu yin bututun yadi kuwa galibi suna rubuta adadin ratsawar yadinsu a kan faskal 120, wanda shi ne matsakaicin abin da ke riƙe bututu a kumbure ba tare da ya wahalar da fanka ba.

Kada sunan ya firgita kowa, domin faskal 120 bai wuce nauyin ruwa mai zurfin milimita 12 ba, kuma kowane magini yana da kayan auna shi a jakarsa. A samo tiyo farin nan da ake gani ta cikinsa, wanda magina ke daidaita gini da shi, a lanƙwasa shi biyu bakunan suna kallon sama, a ɗaure a jikin katako tare da rula, a zuba ruwa zuwa rabi. Baki ɗaya a bar shi a buɗe, ɗayan a zura shi kaɗan ta gefen bututu, yana kallon bangon ba yana fuskantar iskar ba. Ruwa zai sauka a gefe ɗaya ya hau a ɗayan, tazarar da ke tsakanin kawunan ruwan biyu ita ce matsin, kowace milimita kusan faskal 10. Wannan ɗan tiyo, a ganina, ya fi kowace na'ura mai tsada amfani ga mai kula da bututu, domin shi ne zai gaya masa ranar wanki, kamar yadda bayani zai zo.

Bari mu yi lissafi guda tare, ku rubuta a littattafanku. A ƙaddara zauren ɗinki yana bukatar iska kubik mita 3,000 a sa'a, an kuma yanke shawarar ɗinka bututu mai faɗin baki santimita 40 da tsawon mita 12. Kewayen bututun shi ne faɗinsa sau 3.14, watau kusan mita 1.26, a buga da tsawo, jikin bututun ya zama murabba'in mita 15. A raba 3,000 da 15, an sami 200. To, yadin da za a nema shi ne wanda adadin ratsawarsa 200 ne a kan faskal 120. Iskar za ta shiga bakin bututun da gudun kusan mita 6 da rabi a daƙiƙa, amma za ta fito ta jikin yadin da gudun da bai kai santimita 6 a daƙiƙa ba, wanda ko harshen kyandir da ƙyar zai kaɗa. Dubi girman wannan bambanci, ka ga hikimar abin.

Yanzu a ce mai sayen kaya ya ga wani yadi mai araha wanda adadinsa 400 ne ya ce ai duk yadi ne. Iska za ta fice da rabin matsin da aka shirya, wajen faskal 60, bututu ya ƙi cika, ya yi ta kaɗawa a kusa da fanka yana fat-fat, ɗinki ya soma saki, rabon iskar kuma ya karkace, domin matsi mai ƙarfi da ke daidai daga farko zuwa ƙarshe shi ne ke tilasta wa kowane taƙi na yadin ya ba da daidai da ɗan'uwansa. In kuwa ya sayo mai 100, sai an kai faskal 240 kafin iskar da ake bukata ta fita, fankar da ba a saye ta don wannan nauyi ba kuwa za ta yi ta gurnani tana shan wuta, iskar da take bayarwa ta ragu ƙwarai. Akwai kuma wata ɗabi'a ta iska da ya kamata a sani: wadda ta shigo da gudu ba ta son karkata, takan zarce ta cunkushe a rufaffen ƙarshen, har a gajeren bututu mai faɗi a tarar ƙarshe ya fi farko samun iska, alhali a dogo siriri gogayya ce ke rinjaye, ƙarshe ya zauna da yunwa. Don haka masana ke hana gudun shiga ya wuce mita 7 zuwa 8 a daƙiƙa.

Tsatsafowa ko huji?

A nan ne nake so ku natsu, domin abin da ya dace da Denmak ba lalle ne ya dace da unguwar Alabar ba. Bututun da iska ke fita ta saƙarsa kaɗai an yi shi ne don iskar da na'ura ta riga ta sanyaya. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka da ta tsatsafo sai ta gangaro da kanta a hankali ta lulluɓe mutane, ba mai jin bugunta. Amma idan fanka ce kurum take jawo iskar waje, babu na'urar sanyi, to zafin iskar da ke shigowa da ta ɗaki kusan ɗaya ne, ba ta da nauyin da zai sauko da ita, kuma ko da ta sabunta iskar zauren ta kori wari, mai zama a ƙasa ba zai ji komai a fatarsa ba. Mu kuwa a watan Fabrairu da Maris, sa'ad da zafi ke haura digiri 30, abin da ke sanyaya jiki shi ne iska mai motsi da ke busar da gumi.

Maganin wannan shi ne a ɗauki yadi mai matsattsiyar saƙa a jera masa huji. Hukuncin huji dabam yake da na saƙa: a kan faskal 120 iska tana fita ta huji da gudun kusan mita 14 a daƙiƙa, ta yi tsiri ta janyo iskar ɗaki ta gauraya da ita, babban huji ya jefa ta nesa, ƙarami ya tsaya kusa. Kuma huji ba ya bin ƙa'idar Darcy, domin sai an ninka matsi sau huɗu kafin abin da ke fita ta cikinsa ya ninka sau biyu. Masana'antu suna huda shi da wutar leza don gefen ya narke kada ya zare. Fatawata ga kwamitin masallaci ko mai shagon da ba shi da na'urar sanyi ita ce ya nemi mai huji, a karkatar da layin hujin zuwa ƙasa ta gefe biyu. Mai ɗakin ajiye nama ko kifi kuwa, inda ba a son iska ta busar da kaya, ya nemi mai tsatsafowa.

Raɓar damina da ƙurar hunturu

Garin Kumasi yana jarraba bututun yadi ta fuska biyu masu karo da juna. Ta farko laima ce. Iskar da zafinta ya kai digiri 30, laimarta kuma kashi 70 cikin 100, abin da ba baƙo ba ne a nan, tana zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 24. Iskar da ke fitowa daga na'urar sanyi takan kasance wajen digiri 14, saboda haka bututun kwano da ba a naɗe shi ba, haka ma na tamfol ko leda, zai yi ta ɗiga a kan tabarma da kayan mutane. Yadi mai ratsawa ba ya yin haka, domin iskar nan mai sanyi, wadda na'ura ta riga ta tatse ruwanta, tana fitowa ta kowace kafa ta kewaye bututun, ta hana iskar ɗaki mai laima taɓa jikinsa. Shi ya sa ko bututu mai huji ne, in dai iska mai sanyi zai ɗauka, ake so yadinsa ya zama mai ɗan ratsawa.

Ta biyu ita ce ƙura, tun daga Disamba zuwa Fabrairu sa'ad da hunturu ke sauko mana da hazo daga Sahara, ga kuma ƙurar titi da hayaƙin mota da na gawayi duk shekara. Kafofin nan da suka hana raɓa su ne ƙura ke nema ta toshe. Iyayenmu mata masu koko sun fi kowa sanin wannan babi: ƙyallen tata yana zubar da gasara da sauƙi a farkon aiki, da dusa ta soma liƙewa sai an ƙara matsawa da hannu kafin ɗan kaɗan ya fita, in an matsa fiye da kima ya yage, maganinsa kuwa a ɗauraye shi. Bututun yadi mataci ne ko an so ko ba a so ba. Alamar toshewarsa ita ce ya yi tauri fiye da yadda aka saba alhali ɗaki ya rage samun iska, ruwan da ke cikin tiyo kuma ya haura inda aka yi masa alama ranar da aka rataye shi. Wanda bai san dalili ba yakan ga bututu a kumbure tam ya ce lafiya lau yake, nan kuwa cikarsa ce cutarsa.

Saboda haka sharaɗi ne a sa matacin ƙura a bayan fanka kafin iska ta shiga bututu, a riƙa kakkaɓe shi ko sauya shi, domin wanke mataci ya fi sauke bututu sauƙi. In lokacin wanki ya yi, a zuge zif a raba shi gunduwa-gunduwa, a juya cikinsa waje tun da a ciki dattin yake, a wanke da ruwa mai ɗumi da bai wuce digiri 40 ba, a ɗauraye sosai. Kada a sa masa sitaci, kada a yi masa guga, ko da mai wanki ya ga hakan ya fi kyau, domin duka biyun suna canja adadin ratsawar da aka biya kuɗi dominsa.

Auduga, duk da darajarta a wurinmu, ba ta dace da wannan aiki ba. Tana shan ruwa daga iska har wajen kashi 8 cikin 100 na nauyinta, zarenta ya kumbura kafofi su tsuke, ta yi fumfuna a damina, ta kuma ja in an wanke. Zaren roba da ake kira foliyesta ruwan da yake sha bai kai kashi 1 ba, shi ya sa da shi ake yin kusan dukkan bututun yadi.

Sauran gargaɗi gajeru ne amma ba a wasa da su. Bututun yadi na tura iska ne kaɗai. In aka juya fanka don ta zuƙo sai ya manne, don haka ba ya aikin fitar da hayaƙin murhu ko na masu walda. Yadin kasuwa na roba yana kama wuta yana ɗigo da narkakken zare, wanda ya ga gobarar sabuwar kasuwar Kejetia a watan Maris na 2023 kuwa ba ya bukatar wa'azi a kan abin da za a rataye a saman kawunan jama'a. A nemi yadin da aka yi shi musamman don ya ƙi cin wuta, a kuma ga shaidarsa a rubuce. Sa'an nan ga dumso, watau yawan ɗaukewar wuta: duk sa'ad da wuta ta dawo fanka ta tashi gaba ɗaya, bututu yakan cika da fizga guda mai ƙara wadda ke gajiyar da ɗinki da ƙugiyoyi, saboda haka a kashe makunni in an ɗauke wuta, ko a sa wa fankar na'urar da ke tashe ta sannu-sannu, teloli kuma su ninka ɗinkin rufaffen ƙarshen, domin a nan fizgar ke sauka.

Aikin gida

Bayyana da bakinka bambancin yawan kafa da adadin ratsawa, ka kawo misali daga yadin da ka sani. Wani zaure yana bukatar iska kubik mita 4,500 a sa'a, bututunsa faɗin baki santimita 50 ne, tsawonsa mita 18: nemo faɗin jikinsa da adadin ratsawar yadin da ya dace. Mai kula da wani bututu ya ga ruwan tiyo ya tashi daga milimita 12 zuwa 20 a ƙarshen Janairu. Me ya faru, me kuma ya kamata ya yi? Don me bututu mai tsatsafowa kaɗai ba zai gamsar da masallacin da ba shi da na'urar sanyi ba?

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, kowa ya zo da ƙyalle iri uku daga ragowar yankan tela, kowanne kamar faɗin tafin hannu biyu, ɗaya daga ciki ya zama mai sitaci. Maginan da ke cikinmu su taimaka da tiyo da rula, za mu gwada su ɗaya bayan ɗaya a bakin fankar aji.